Marigayi Alhaji Abubakar Imam (1911–1981): Malamin da Ya Buɗe wa Matasa Ƙofar Duniyar Almara

Duk ɗan Birnin Kudu ko ɗan Gwaram da ya zauna a kan bencin firamare, tun daga zamanin da makarantunmu ke ƙarƙashin En'e ta Kano har zuwa bayan shirin ilimi kyauta na shekarar 1976, da wuya a ce bai san Waziri Aku ba, ko kuma Malam Zurƙe ɗan Muhamman. Yau da yawa daga cikin 'ya'yanmu da jikokinmu da ke tasowa a Kano da Kaduna da Abuja da Legas sun fi sabawa da littattafan Turanci masu ba da labarin daulolin hamada na ƙage, da aljanu, da jaruman matasa masu fita neman wani abin al'ajabi. Ba laifi ba ne su karanta. Sai dai ya kamata su sani cewa irin wannan rubutu ya kusa cika shekara ɗari a cikin harshen iyayensu, kuma wanda ya fi kowa ƙwarewa a kansa malamin makaranta ne, ɗan shekara ashirin da biyu a lokacin da ya fara.

An haifi Abubakar Imam a shekarar 1911 a garin Kagara, wanda yanzu yake cikin Jihar Neja. Mahaifinsa, Malam Shehu Usman, malami ne, kuma asalin gidansu daga Barno yake. A gida ya fara karatun allo, kafin yayansa Malam Muhammadu Bello Kagara, wanda ke koyarwa a Katsina, ya ɗauke shi ya sa shi makarantar boko a can. Ya shiga Kwalejin Katsina a shekarar 1927, ya gama a 1932, aka ba shi aikin koyarwa a Makarantar Midil ta Katsina. Wannan kwaleji ita ce ta horar da rukunin farko na 'yan bokon Arewa, su Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa. Abin lura a nan shi ne, saurayin ya tashi da ƙafa ɗaya a zauren malamai, inda ake karanta littattafan Larabci, ɗaya ƙafar kuma a ajin Turawa, sannan kunnensa cike yake da tatsuniyoyin gida. Daga waɗannan rijiyoyi uku ya yi ta ɗiban ruwa har ƙarshen rayuwarsa.

A wancan zamani matsalar makarantun Arewa ita ce rashin abin karantawa. Yaro zai koyi haɗa baƙi da wasali, amma in ya fita daga aji babu littafin da zai ja hankalinsa ya zauna da shi. Malamai kuwa sun ɗauki rubutu abin daraja ne da ya dace da addini da waƙa da tarihi, tatsuniya kuma ta mata da yara ce da dare. Domin cike wannan giɓi ne Dokta Rupert East, Baturen da ke shugabantar Hukumar Talifi a Zariya, ya shirya gasar ƙaga labarai a shekarar 1933. Daga wannan gasa aka sami littattafan da suka zama harsashin ƙagaggun labaran Hausa: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na yayansa Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, sai kuma Jiki Magayi na John Tafida tare da shi East ɗin. Wa da ƙane a jeri ɗaya, abin alfahari ne ga kowane gida.

Ruwan Bagaja labarin tafiya ne. Wani mai suna Alhaji Imam ne yake ba Koje Sarkin Labari tarihin yadda ya bar Kwantagora yana saurayi. Ɗan sarki ne ya kwanta ciwo, Liman ya ambaci cewa akwai wani ruwa da zai warkar da shi, aka yi masa ba'a aka wulakanta shi a fada, saurayin kuma ya ɗaura aniyar sai ya samo ruwan nan ya wanke Liman daga wannan tozarci. Ya bi ta Tambutu, ya ratsa garuruwan da babu su a taswirar kowa, har ya dangana da Irami, inda ruwan yake a hannun aljanu. A kan hanya kuwa ya yi ta gamuwa da Malam Zurƙe, yau wannan ya yi wa wancan wayo, gobe wancan ya rama. A ganina nan ne gwanintar take. Da littafin aljanu da mu'ujizai ne kawai, da yara sun karanta sau ɗaya sun ajiye. Abin da ya sa ake komawa gare shi shi ne dariya, da kuma cewa duk nisan garin da Alhaji Imam ya sauka, mai karatu zai tarar da kasuwa irin tamu, da alƙali, da dogarai, da mai unguwa, da baƙon da ke neman masauki a zaure. Duniyar ta ƙage ce, amma mutanen cikinta maƙwabtanmu ne.

Masana sun nuna cewa zubin abokan hamayya biyu masu haɗuwa a gari bayan gari ya samo asali ne daga Muƙamatul Hariri, littafin Larabci da almajiran ilimi suka sani, shi kuma neman ruwan magani yana da takwara a tatsuniyoyin Jamus na 'yan uwan nan biyu, su Grimm. Farfesa Ibrahim Malumfashi da Farfesa Abdalla Uba Adamu sun yi aiki sosai wajen bin sawun waɗannan tushe. Akwai masu jin wannan bayani su ce ashe aro ne. To, wane mai ba da labari ne ba ya aro? Shi kansa Dare Dubu da Ɗaya tarin labaran Indiya ne da Farisa da ƙasashen Larabawa. Abin dubawa shi ne yadda aka ɗinka rigar aron, har mai ita ya gan ta bai shaida ta ba.

Ganin hazaƙarsa ya sa East ya nemi a ba shi aron malamin zuwa Zariya a shekarar 1936. Ya tara masa littattafan labarai na Larabci da na Turanci, shi kuma ya duƙufa kimanin wata shida yana karantawa yana sake ƙerawa. Sakamakon wannan zama shi ne Magana Jari Ce, littafi uku da suka fito tsakanin 1937 da 1939, ɗauke da labarai fiye da tamanin.

A nan ya kamata mu ɗan tsaya, domin wannan ne gagarumin aikinsa. Ya kafa wata daula a can ƙasashen gabas, ya naɗa mata Sarki Abdurrahman ɗan Alhaji, ya ba shi ɗa Musa da jika Mahmudu, da wani mugun waziri mai haƙon sarauta. Yaƙi ya taso tsakaninsu da Sarkin Sinari, sarki ya fita daga, aka bar Musa a gida, zuciyarsa na ingiza shi ya bi rundunar, alhali waziri ya shirya masa tarko a waje. Ba dogari ne ya tsare shi ba, ba kuma ƙofa mai kwaɗo ba. Wani aku ne, wanda kullum dare in yaron ya yi ɗamarar fita sai ya ɗauko masa labari, ya riƙe shi da shi har gari ya waye. Da haka ya ceci ransa, ya kuma sami wazirci. A littafi na biyu akun ya shiga gasar ba da labari da wani aku mai suna Haziƙ, a na uku kuma ya zauna yana koyar da ɗansa Fasih. Duk wanda ya taɓa riƙe alli zai gane abin da ake nufi. Matashi mai zafin kai ba a tsare shi da tsawa, da daɗin zance ake riƙe shi, kuma aikin da akun ya yi wa Musa shi ne aikin da littafin ya yi wa ɗaliban Arewa. Dabarar aku mai hana fita da labari tsohuwa ce a adabin Indiya da Farisa, wasu labaran kuma daga Dare Dubu da Ɗaya suke, ko Kalila wa Dimna, ko tatsuniyoyin Turai. Amma wa zai karanta labarin Kalala da Kalalatu, ko na Sahoro da Sahorama, ya yi zaton ba a tsakar gidan Bahaushe aka haife su ba?

Hausarsa kuma ita ce ta zama ma'auni. Jimlolinsa gajeru ne inda ake gudu, dogaye inda ake fadanci, karin magana na zuwa a gurbinsa ba tare da an cusa shi ba. Mu da muka fito daga kwalejojin horon malamai da ita aka koya mana insha'i, da ita muka koyar. Yaran ƙasarmu kuwa ba su sha wahalar gaskata biranen aljanu ba. Wanda ya tashi yana ganin Dutsen Habude da Dutsen Mesa, da zanen shanun da mutanen da suka bari a jikin duwatsun Birnin Kudu, ya riga ya san cewa akwai duniyar da ta gabaci tamu, wadda sai dai a ƙiyasta ta a zuci.

Daga nan rayuwarsa ta karkata ga aikin jarida da hidimar jama'a. A watan Janairu na 1939 aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo, shi ne kuma editanta na Hausa na farko, ya riƙe ta har 1951. A 1943 ya je Ingila cikin tawagar 'yan jaridun Afirka ta Yamma, tare da su Dokta Nnamdi Azikiwe, ya gana da Lugga ya bayyana masa koke-koken 'yan bokon Arewa, ya dawo ya rubuta Tafiya Mabuɗin Ilmi. Yana cikin waɗanda suka kafa harsashin Jam'iyyar Mutanen Arewa, ya zauna a Majalisar Wakilai, daga baya ya yi shekaru a Hukumar Ɗaukar Ma'aikata ta Jihar Arewa. Ya kuma rubuta littattafan addini da na tarihi. Arewa ta ƙaru da wannan hidima, amma ni dai ina ganin adabi ya yi asara, domin bai sake zama ya ƙaga wani labari mai girman Magana Jari Ce ba.

Hanyar da ya share ba ta toshe ba. Ahmadu Ingawa ya bi ta da Iliya Ɗan Maiƙarfi, Sa'idu Ahmed Daura da Tauraruwar Hamada, Umaru Dembo kuma ya ɗaga ta zuwa sararin samaniya da Tauraruwa Mai Wutsiya a 1969. Marubutan labaran yaƙi da aljanu na kasuwar Kano, irin su Abdul'aziz Sani Madakin Gini, jikokinsa ne a wannan fage ko sun ambata ko ba su ambata ba. A shekarun 1980 gidan talabijin na NTA Kaduna ya mayar da labaran Magana Jari Ce wasan kwaikwayo, inda marigayi Ƙasimu Yero ya yi fice. Har a waje ma yankin namu ya zama fagen irin wannan almara, domin Nnedi Okorafor, marubuciya 'yar asalin Nijeriya da aka haifa a Amurka, ta kafa labarin littafinta na matasa na shekarar 2007 ne a ƙasar Nijar ta shekarar 2070.

Alhaji Abubakar Imam ya rasu a Zariya ranar 19 ga watan Yuni, 1981, yana da shekara saba'in. Bayan shekara takwas, a 1989, kamfanin NNPC na Zariya ya buga tarihin rayuwarsa da ya bari, wanda Alhaji Abdurrahman Mora ya tace. Allah ya jiƙansa, ya sa Aljanna ce makomarsa.