Muhammadu al-Katsinawi, malamin lissafin da ya rasu a Alƙahira, da abin da masu koyon rubuta manhaja za su samu a wurinsa

A shekarar 1741, daidai da 1154 bayan Hijira, wani malami daga ƙasar Hausa ya rasu a birnin Alƙahira, a gidan da ba nasa ba, ya bar littattafansa a hannun mai masaukinsa. Sunansa Muhammadu ɗan Muhammadu al-Fulani al-Katsinawi as-Sudani, marubutan Larabci kuma sukan rubuta al-Kashnawi. Kalmar as-Sudani da ke sunansa tana nufin Biladus Sudan, wato ƙasashen baƙar fata da ke kudu da Sahara, tun kafin a shata iyakokin ƙasar Sudan ta yau. Duk da haka Hausawan Gadarif da Kasala da Mai Wurno sun san irin wannan rayuwa a cikin gidajensu: mutum ya bar garinsu da niyyar sauke farali, ƙasar gabas ta kira shi, bai sake komawa ba.

Akwai dalilin tuno shi yanzu. Matashin da ke son koyon rubuta manhaja a Gadarif, inda kuɗin kwamfuta sabuwa ya fi ƙarfin gidaje da yawa, wutar lantarki kuma ta ƙara taɓarɓarewa tun ɓarkewar yaƙi a watan Afrilun 2023, yakan tsaya a kan tambaya ɗaya: wace na'ura zai saya, mai ƙarfin nawa. Wasu sukan jinkirta koyon har sai sun tara kuɗin babbar na'ura. Aikin da al-Katsinawi ya yi da alƙalami da tawada ya shafi wannan tambaya kai tsaye.

Daga Katsina zuwa Makka

Katsinar da ya taso a cikinta gari ne na fatake da malamai. Ayarin Sahara yana sauka a can, littattafai suna shigowa tare da kaya, sunayen Wali Ɗan Marna da Wali Ɗan Masani, wanda ya rasu a 1667, suna bakin kowane almajiri. Amma karatunsa bai tsaya a garinsu ba. Cikin malamansa akwai Muhammadu al-Wali ɗan Sulaimanu, Bafulatanin malamin tauhidi na ƙasar Bagirmi, a Chadi ta yau. Akwai kuma Shehu Muhammadu Bindu, wanda a wurinsa ne ya ɗauki hisabi da ilmin lokuta da ilmin haruffa da aufaƙi, wato abin da Hausawa ke kira hatimi.

Wajen 1730 ya yi aikin Hajji, ya zauna a Makka na wani lokaci, daga nan ya wuce Misira. A Alƙahira ya sami masauki a gidan Shehu Hasan al-Jabarti, malamin fiƙihu a Azhar wanda ya shahara da ilmin taurari da na'urorin auna lokaci. Shi ma Hasan zuriyar baƙi ne, kakanninsa daga yankin Ƙahon Afirka suka zo. Mai gidan ya zama ɗalibin baƙonsa a fannin aufaƙi. Wannan kaɗai ya isa a gane matsayin mutumin: a birnin da ya tara malaman duniyar Musulunci, ɗan Katsina ne ake zama gabansa a ɗauki wannan fanni.

Ya yi rubutu a nahawu da manɗiƙi, amma littattafai biyu ne suka riƙe sunansa. Ɗaya shi ne ad-Durr al-Manzum, wanda ya fara a Makka ya kammala a Alƙahira. Ɗayan kuma shi ne Bahjat al-Afaƙ, na shekarar 1732, a kan haruffa da hatimi.

Yadda hatimi yake aiki

Duk wanda ya taɓa zama kusa da malamin zaure ya ga hatimi, ko da bai san lissafin da ke cikinsa ba. Murabba'i ne da aka raba gida-gida, a zuba lambobi ta yadda kowane layi, a tsaye ko a kwance ko a karkace daga kusurwa zuwa kusurwa, zai ba da jimla ɗaya. Mafi ƙanƙanta shi ne mai gida uku-uku, wanda malamai ke kira musallasi: 4 da 9 da 2 a sama, 3 da 5 da 7 a tsakiya, 8 da 1 da 6 a ƙasa. Ta ko'ina aka haɗa, 15 ne. Mai gida biyar-biyar jimlarsa 65, mai bakwai-bakwai 175. Ƙa'idar gano jimlar ba ta da wuya. A ninka adadin gidajen layi ɗaya da kansa, a ƙara 1, a sake ninkawa da adadin, a raba biyu. Ga mai biyar: 25, sai 26, sai 130, sai 65.

Sanin jimla abu ne mai sauƙi. Wahalar ita ce a san gidan da kowace lamba za ta zauna. A nan ne aikin al-Katsinawi yake. Ya bayyana hanyoyin gina hatimi mai gidaje mara, wato 3 da 5 da 7 da abin da ya biyo baya, mataki bayan mataki tare da misalai, ta yadda ɗalibin da bai taɓa ganinsa ba zai iya bin bayanin ya fitar da hatimi daidai. Bai ƙirƙiro fannin ba, malaman Musulunci sun san hanyoyin gina irin wannan hatimi ɗaruruwan shekaru kafin shi. Abin da ya yi shi ne tattarawa da tsarawa da fayyacewa ga mai koyo.

Ga hanya mafi sauƙi da ake koya wa ɗalibai a yau, don mai karatu ya ga irin tsarin da ake magana a kai. A sa 1 a tsakiyar layin sama. Kowace lamba ta gaba a hau gida ɗaya sama, a matsa gida ɗaya dama. In an fita ta sama, a dawo ta ƙasa. In an fita ta dama, a shigo ta hagu. In an tarar gidan da mai shi, a sauko gidan da ke ƙarƙashin lambar da aka rubuta ta ƙarshe. Shi ke nan. Da wannan za a cika mai gida uku-uku, da shi kuma za a cika mai gida 99-99 ba tare da an canza komai ba.

Wanda ya fahimci wannan sakin layi ya riga ya taɓa ginshiƙan rubuta manhaja: wurin farawa, umarnin da ake maimaitawa, sharaɗin da ke cewa in kaza ya faru a yi kaza, da kuma sanin lokacin tsayawa. Shi ya sa hatimi yake cikin atisayen da aka saba bai wa masu fara koyo a makarantun kwamfuta. A harshen Python aikin bai kai layi ashirin ba. Kalmar algoridim da masana ke kiran irin wannan tsarin matakai ma daga sunan al-Khawarizmi ta samo asali, malamin lissafin da ya yi aiki a Bagadaza a ƙarni na 9.

Ƙarfin na'ura da ƙarfin dabara

Sai a kwatanta da wanda ba shi da hanya, ya ce zai sa kwamfuta ta gwada kowane jeri har ta dace. A hatimi mai gida tara, ana iya jera lambobin ta hanyoyi 362,880, takwas ne kacal daga ciki suke fita daidai, su ma ɗin hatimi ɗaya ne da ake jujjuyawa. Wannan kowace waya za ta gama shi nan take. Amma a mai gida 25, ko da na'urar tana duba jeri biliyan ɗaya a kowace daƙiƙa, za ta shafe kusan shekara miliyan 490 kafin ta duba su duka. Almajirin da ya san hanya kuwa zai cika shi a kan allo kafin shayi ya huce. A wannan aiki dabara ta kai inda babbar na'ura ba ta kai ba.

Ta ɗaya ɓangaren, wanda ya rubuta hanyar daidai zai iya gina hatimi mai gida 1001 a kowane layi, gidaje fiye da miliyan ɗaya ke nan, kuma wurin da lambobin za su ci a ƙwaƙwalwar na'ura 'yan megabayit ne. Tsohuwar kwamfutar tafi-da-gidanka mai ram gigabayit 4 ta ishi mai koyon Python ko mai koyon gina shafin intanet, kuma da zarar an saukar da Python yana aiki ba tare da intanet ba. Inda ake buƙatar babbar na'ura da gaske shi ne tace bidiyo mai nauyi, manyan wasannin kwamfuta, da horar da ƙirƙirarriyar basira. Mai koyo a garin da ake yawan ɗauke wuta ya fi buƙatar batir mai riƙe caji da madannai masu lafiya a kan furosesa ta zamani. Masu sayar da kaya ba kasafai suke faɗin haka ba, kuma ba abin mamaki ba ne.

Wannan ba ya nufin na'ura ba ta da nata wurin. An daɗe da sanin cewa hatimi mai gida huɗu-huɗu iri 880 ne, Bafaranshe Frénicle de Bessy ya lissafa su da hannu, aka buga aikin a 1693. Adadin masu gida biyar-biyar kuwa sai a 1973 aka same shi, lokacin da Richard Schroeppel ya yi amfani da kwamfuta a Amurka ya ƙirga 275,305,224. Shi ma ɗin da dabara ya rage aikin kafin ya miƙa wa na'ura.

Ɓangaren da ba a cika son faɗa ba

Zai zama rage gaskiya a nuna al-Katsinawi kamar malamin lissafi na jami'ar zamani. A wurinsa da mutanen zamaninsa, hatimi yana tafiya tare da haruffa da taurari da asirai. Littafinsa ad-Durr al-Manzum a kan sihiri da ɗalasimai da taurari yake, ya gina shi a kan wani tsohon littafi da ake jingina wa Fakhruddin ar-Razi. Malamai sun daɗe suna saɓani a kan halaccin waɗannan fannoni, kuma da yawa daga masu karanta wannan shafi ba za su yarda da su ba. Wannan muhawara ta malaman addini ce. Lissafin da ke cikin hatimin dai kowa yana iya jarraba shi da fensir.

Akwai kuma wani abu mai kama da tufka da warwara a halinsa na malami. Yana ƙarfafa wa ɗalibi gwiwa kada ya karaya in aiki ya ƙi fita, a lokaci guda kuma yana gargaɗinsa da ya yi aikinsa a ɓoye, kada ya baza sirrin ga kowa. Wannan ɗabi'a ta ɓoye ilmi ta jawo wa ƙasar Hausa asara, domin abin da ya kamata ya shiga ajin lissafi sai ya maƙale a cikin gafaka da laya. Duniyar manhaja ta ɗauki hanyar da ta saba wa wannan: Python kyauta ne, haka Linux, kuma kowa yana iya buɗe cikinsu ya ga yadda aka rubuta su.

Ilmin haruffan nasa ma yana da wani darasi ga mai kwamfuta. Kowane harafin Larabci yana da lambarsa, da haka ne marubuta waƙoƙin ajami suke ɓoye shekarar da suka gama waƙa a cikin ramzi. Sai dai lissafin ba ɗaya ba ne a ko'ina. A tsarin Magrib, wanda ƙasar Hausa take bi, harafin shinun 1000 ne, a tsarin gabas kuwa 300 ne. Bahaushen Gadarif da ya yi karatu a makarantar Sudan, in ya warware ramzin waƙar da kakansa ya zo da ita daga Sakkwato da lissafin gabas, zai fitar da shekarar da ba ita ba. Kwamfuta ma da lamba take gane harafi, babban A a wurinta 65 ne. Idan na'urar da ta aika da wadda ta karɓa ba su bi tsari ɗaya ba, sai ƙ da ɗ da ɓ su rikiɗe su zama alamomin da ba sa karantuwa, abin da duk mai rubuta Hausa ya sha gani. Wannan ɓangare na aikin al-Katsinawi a kan ramzi shi ne Hassan Ibrahim Gwarzo ya yi nazarinsa a wata maƙala da aka buga a Ibadan a 1967.

Bayan rasuwarsa

Hasan al-Jabarti ne ya zama wasiyyinsa a kan abin da ya bari da littattafansa. An binne shi a maƙabartar Bustan al-Mujawirin da ke Alƙahira. Fiye da shekara goma bayan haka aka haifa wa Hasan ɗa, Abdurrahman al-Jabarti, wanda ya zama babban marubucin tarihin Misira. Bai ga baƙon gidan nasu da ido ba, amma ya sa tarihinsa cikin littafinsa Aja'ib al-Athar, tare da sunayen malamansa da na littattafansa, kuma daga nan ne mafi yawan bayanin rayuwarsa ya iso ga na baya.

An buga ad-Durr al-Manzum a Alƙahira a ƙarni na 20. Kwafin rubutun hannu na aikinsa a kan hatimi kuma yana ɗakin karatun makarantar nazarin Gabas da Afirka ta Jami'ar Landan. Daga wannan kwafi ne Ba'amurkiya Claudia Zaslavsky ta gabatar da shi ga malaman lissafi na duniya a littafinta Africa Counts, wanda ya fito a 1973.