Hergé, uban Tintin, da littafin da na bari a ƙasan akwati

Ina aji na ƙarshe a lakwal ɗin firamare na fara karanta Tintin, ko kuma "Tantan" kamar yadda mukan faɗa da bakin Faransanci. Wani mushe namu yana da guda uku da bangonsu ya gaji, yana ba da aro daga Juma'a zuwa Litinin ga wanda ya yi ƙoƙari a shifta. Daga nan ciwon BD ya kama ni, wato littattafan da ake ba da labari da zane, kuma har yau bai sake ni ba. A watan jiya ƴata mai shekara 11 ta buɗe akwatin da nake ajiye su, ta ce za ta kwashe duka. Na ba ta, sai guda ɗaya na riƙe. Dalilin riƙe shi ne ya sa na koma kan tarihin wanda ya zana su.

Sunansa na yanka Georges Remi. An haife shi ranar 22 ga Mayu 1907 a Etterbeek, wata unguwa ta Burusel, babban birnin Beljiyam. Sunan Hergé kuwa haruffan farko na sunansa ne ya juya, R da G, aka rubuta yadda ake furta su da Faransanci. Ɗan sikawut ne tun yana yaro, kuma a mujallar ƴan sikawut ya fara buga zanensa. Duk wanda ya san Tintin zai gane inda ya samo halinsa: yaro mai gaskiya, mai taimako, ba ya shan giya, ba ya neman ƴan mata, wani lokaci har ya ba ka haushi don tsabar kirki.

A 1925 Hergé ya samu aiki a jaridar Katolika mai suna Le Vingtième Siècle. Shugabanta wani fada ne, Norbert Wallez, mutum mai tsattsauran ra'ayi, masoyin Mussolini. Shi ya ɗora Hergé a kan shafukan yara da ke fita kowace Alhamis, Le Petit Vingtième, kuma a nan Tintin da karensa Milou suka fara bayyana ranar 10 ga Janairu 1929. Tafiyar farko Tarayyar Sobiyet aka tura shi, don a nuna wa yara sharrin kwaminisanci. Bayan ta Hergé Amurka ya so ya kai yaron nasa, amma fada ya ce a'a, Kwango za shi, saboda ƴan Beljiyam su ƙara son mallakarsu.

Wannan shi ne littafin da na riƙe, Tintin au Congo, wanda aka buga kashi-kashi daga 1930 zuwa 1931. Hergé yana da shekara 23, bai taɓa taka Afirka ba. Abin da ya sani daga hirar ƴan mishan ne, da jaridu, da gidan tarihi na Tervuren da ke wajen Burusel. To ga abin da ya fito: baƙaƙen mutane masu leɓe kamar faranti, manya da hankalin yara, Faransancinsu a karye. Jirgin ƙasa ya faɗi, suna tsaye suna ƙyuya sai da Bature ya daka musu tsawa, har karensa ma yana yi musu faɗa. Tintin ya shiga aji ya koya wa yaran Kwango cewa Beljiyam ce ƙasarsu. Namun daji kuwa ya kashe su ba adadi, har karkanda ya fasa da nakiya. Babu ko kalma a kan abin da aka yi wa mutanen Kwango daga 1885 zuwa 1908, lokacin da ƙasar take dukiyar Sarki Leopold na Biyu shi kaɗai, ana tilasta musu tara roba, ana sare hannaye.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, ina yaro na yi dariya da wannan littafi. Ni a wajen Tintin nake. Sai da na girma na gane cewa da na faɗa cikin shafin, ai ba Tintin za a zana ni ba.

Da a nan labarin Hergé ya tsaya, da ban ɓata tawada a kansa ba. Amma a 1934, da aka ji zai kai Tintin ƙasar Sin, wani fada mai kula da ɗaliban Sin a jami'ar Louvain, Léon Gosset, ya rubuta masa cewa ya yi hattara kada ya ci mutuncin ɗalibansa da irin zanen da aka saba. Ya haɗa shi da Zhang Chongren, saurayi ɗan Shanghai mai koyon sassaƙa da zane a Burusel, kusan sa'ansa. Suka yi watanni suna zama tare. Zhang ya ba shi tarihin ƙasarsa, ya nuna masa yadda ake riƙe burushin Sinawa, kuma shi ya rubuta rubutun Sinanci da ke jikin bangaye da alluna a cikin littafin. Le Lotus bleu ya fito a matsayin littafi a 1936, kuma wallahi kamar ba hannu ɗaya ya zana shi da na Kwango ba. Titunan Shanghai na gaske ne, mutanen suna da fuska da suna da zuciya. Hergé ya nuna yadda Japan ta fasa hanyar jirgin ƙasa da kanta don ta samu hujjar mamaya, kamar yadda ya faru a Mukden a 1931, har jami'an Japan a Burusel suka yi ƙorafi. Akwai wurin da Tintin ya ceto wani yaro, Tchang, daga ruwa, suka zauna yana lissafa masa ƙarairayin da Turawa suka yarda da su a kan Sinawa, yaron yana ta dariya. Ban san shafin BD da ya fi wannan a wurina ba. Sai dai su Japanawan littafin, da haƙoransu a waje, ba su samu wannan adalcin ba.

Yaƙin duniya na biyu ya bar masa wani tabon. Jamus ta mamaye Beljiyam a Mayu 1940, jaridarsa ta rufe, ya koma Le Soir da ke hannun ƴan mamaya. A nan Kyaftin Haddock ya fito, mashayi mai zage-zage wanda yawancinmu muka fi so a kan Tintin kansa. A nan kuma ya zana Yahudawa da siffar wulaƙanci a L'Étoile mystérieuse, a daidai lokacin da ake tsangwamar su a ƙasar. Da aka ƴantar da Burusel a Satumba 1944 an kama shi sau huɗu, ya kwana ɗaya a tsare, aka hana shi aikin jarida. Ba a kai shi gaban alƙali ba. Raymond Leblanc, wanda ya yi gwagwarmaya da ƴan mamaya, shi ya dawo da shi da mujallar Tintin a 1946. Daga nan sai ɗaukaka: ya kafa ɗakin zanensa a 1950, ya kai Tintin duniyar wata a 1954, shekara 15 kafin Amurkawa su je.

Ya sake komawa kanmu a Coke en stock, a 1958, kuma wannan ya shafe mu kai tsaye. Labarin Musulmin Afirka ne da suka kama hanyar Makka, aka zuba su a cikin jirgin ruwa za a sayar da su bayi. Duk wanda kakansa ya bi ta Cadi da Sudan a ƙasa don aikin hajji ya san hanyar ba wasa ba ce. Niyyar Hergé a nan ta kirki ce, cinikin bayi yake tona wa asiri. Amma alhazan nasa ba su da suna, ba su da dabara, sai Haddock ya yi ta ihu kafin su fahimci hatsarin da suke ciki. Mujallar Jeune Afrique ta soke shi a 1962, ya gyara maganarsu a bugun 1967. Haka ma na Kwango: a 1946 ya mayar da darasin Beljiyam ya zama darasin lissafi, daga baya ya cire nakiyar karkanda, ya kuma amsa cewa tunanin gidan da ya tashi ne ya bi. Gyara ne na baki. Ni dai a duk littattafansa ban ga alamar ya taɓa samun wani Zhang daga Afirka ba, wanda zai zauna da shi wata shida ya ce masa malam, ba haka muke ba.

Shi kuwa Zhang na gaske bai fita daga ransa ba. A ƙarshen shekarun 1950 auren Hergé da Germaine Kieckens ya fara rushewa, yana ta mafarkin fari fat mai ban tsoro, wani likitan ƙwaƙwalwa a Zurich ya ce ya daina aiki. Ya ƙi. Ya zana Tintin au Tibet, wanda ya fito a 1960: babu mugu, babu bindiga, yaro ne kawai yake ratsa dusar ƙanƙara neman abokinsa Tchang da kowa ya ce ya mutu. A lokacin Hergé ya yi shekaru bai ji ɗuriyar Zhang ba. Sai a Maris 1981 suka sake haɗuwa a Burusel, bayan shekara 46, Hergé ya riga ya rame da cutar jini. Ya mutu ranar 3 ga Maris 1983 yana da shekara 75, ya bar Tintin et l'Alph-Art bai gama ba, da wasiyyar kada kowa ya ci gaba da Tintin bayansa.

A 2007 wani ɗan Kwango, Bienvenu Mbutu Mondondo, ya kai ƙara a Burusel yana neman a janye Tintin au Congo daga kasuwa, kotu ta ƙi a 2012. Ni ban goyi bayan a hana shi ba, don shaida ce, kuma ina so ƴata ta ga yadda aka koya wa yaran Turai kallonmu. Amma ba a shekara 11 ba, kuma ba ita kaɗai a ɗaki ba. Ta gama Le Lotus bleu cikin kwana biyu, yanzu tana Tibet. Jiya ta ƙirga littattafan da ke jere a bayan bango, ta ce Baba, akwai wanda babu. Na ce mata yana nan, sai ta shiga kwaleji mu karanta shi tare.