John Bauer (1882–1918): Mai Zanen da Ya Yi wa Dodannin Suwidin Fuska

Gabatarwa

Muddin tatsuniya tana bakin mai ba da ita, kowane mai sauraro da irin dodon da yake ƙerawa a zuciyarsa. Da zarar ta shiga littafi mai hotuna, siffar da mai zane ya zaɓa ita ke zama ta kowa. Rayuwar John Bauer ta nuna yadda hakan ke faruwa, da kuma abin da yake jawo wa mai zanen.

Haihuwarsa da Karatunsa

An haifi Bauer ranar 4 ga Yuni, 1882, a garin Jönköping da ke bakin tafkin Vättern a kudancin Suwidin. Mahaifinsa, Joseph, mutumin Bavaria ne ta ƙasar Jamus, sana'arsa kuwa sarrafa nama da sayar da shi. Yana ɗan shekara 16 ya tafi Stockholm koyon zane, a 1900 kuma ya shiga Makarantar Fasaha ta Masarauta. A nan ya haɗu da Ester Ellqvist, ita ma mai zane, suka yi aure a 1906.

Ayyukansa

A 1907 aka fara fitar da Bland tomtar och troll, kundin tatsuniyoyi da hikayoyin yara mai fitowa duk shekara gab da Kirsimeti. Troll wata halitta ce ta daji da duwatsu a adabin bakan mutanen Suwidin, kusan matsayin dodo a tatsuniyar Hausa. Bauer ya zana hotunan kundin daga 1907 zuwa 1910, sannan daga 1912 zuwa 1915.

Dodanninsa ba daga tunani kaɗai suka fito ba. Ya daɗe yana yawo a dazuzzukan Småland, yana zana itatuwa da duwatsun da gansakuka ta lulluɓe, har dodannin suka yi kama da duwatsun da suka tashi tsaye. Tafiyar da ya yi Lapland a 1904 ta ba shi damar nazarin suturar ƙabilar Sami, wadda ɓurɓushinta ya bayyana a takalma da ɗamarar halittunsa. Zamansa a Italiya daga 1908 zuwa 1909 ya cusa masa ƙaunar zanen magabatan ƙasar. Fitaccen aikinsa shi ne hoton 1913 na gimbiya Tuvstarr, zaune tana kallon baƙin ruwan wani tafki a tsakiyar daji.

Giɓin 1911 yana da dalili. Kamfanin ɗab'i na Åhlén & Åkerlund yana riƙe ainihin zanen a matsayin mallakarsa, Bauer kuwa ya nemi a bar masa haƙƙin aikinsa. Da aka ƙi, sai ya janye. Aka ba wani aikin, ciniki ya ja baya, dole kamfanin ya sauko. Duk da wannan nasara, shahara ta zame masa tarko: jama'a dodanni suke so, shi kuwa burinsa manyan zane-zane na bango da na dandalin wasan kwaikwayo. Bayan 1915, shekarar da aka haifi ɗansa Bengt, ya daina yi wa kundin zane.

Rasuwarsa

A 1918 iyalin suka shirya komawa Stockholm. Haɗarin jirgin ƙasa na Getå, wanda ya ci rayuka sama da 40 a farkon Oktoba, ya sa suka zaɓi jirgin ruwa mai suna Per Brahe. An maƙare shi da murhunan ƙarfe da garemani da kekunan ɗinki. Ranar 20 ga Nuwamba guguwa ta kifar da shi a tafkin Vättern, kusa da Hästholmen. Duk mutum 24 da ke ciki suka rasu, har da Bauer da matarsa da ɗansu. Shekarunsa 36.

Kammalawa

Sabon tafarkin da Bauer ya ɗauko bai kai ga nuna ba, aikin da ya so ya bari shi ya raya sunansa. Gidan tarihi na lardin Jönköping yana adana ayyukansa sama da 1,000. Ga mai nazarin adabin baka, darasin a fili yake: wanda ya zana tatsuniya abokin ƙirƙira ne, domin zaɓinsa kan zama abin da al'umma za ta riƙa gani, haƙƙinsa kuma abin a tsare ne.