François Coty

François Coty (3 ga Mayu, 1874 zuwa 25 ga Yuli, 1934) mai haɗa turare ne kuma ɗan kasuwa daga ƙasar Faransa. Ana ɗaukarsa a matsayin wanda ya kafa harsashin masana'antar turare ta zamani.

Farkon rayuwa

An haife shi a Ajaccio, a tsibirin Kosika. Sunansa na asali François Spoturno. Coty ya samo asali ne daga sunan dangin mahaifiyarsa, Coti. Ya koyi sana'ar a masana'antar Chiris da ke garin Grasse.

Sana'a

A 1904 ya fitar da turarensa na farko, La Rose Jacqueminot, sai L'Origan a 1905. Ya riƙa gauraya man furanni da sinadaran ƙamshi na masana'anta. Ya kuma haɗa kai da René Lalique wajen tsara kwalabe masu kyau, yana sayar da ƙananan kwalabe a farashin da masu matsakaicin hali za su iya saya.

Siyasa da rasuwa

Ya mallaki jaridar Le Figaro a 1922, ya kafa L'Ami du peuple a 1928, wadda ta yaɗa ƙyamar baƙi da Yahudawa. Rabuwa da matarsa da durƙushewar tattalin arziki na 1929 sun cinye mafi yawan dukiyarsa. Ya rasu a Louveciennes.

Abin da ya bari

Turarensa Chypre na 1917 ya ba wa wani rukunin turaruka sunansa. Kamfanin Coty yana aiki har yau.