Abu Raihan Al-Biruni, Malamin Da Ya Yi Wa Alƙibla Lissafi

'Yan uwa, a ƙasar Hausa idan lokacin sallah ya yi, cewa muke mu fuskanci gabas. Amma kakanninmu da suka yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903, suka zauna a Mai Wurno a bakin kogin Nilu, sun tarar alƙibla ta karkata. A nan Makka tana arewa maso gabas, har ta fi kusa da arewa. Wanda ya riƙe gabas ɗin Sakkwato a Sinnar ko Wad Madani ya kauce wa Ka'aba. Sanin wannan aikin lissafi ne, kuma cikin malaman da suka yi masa hidima akwai Abu Raihan Al-Biruni.

An haife shi a shekarar 362 ta Hijira, daidai da 973 Miladiyya, a Khwarazm, cikin ƙasar Uzbekistan ta yau. Tun yana saurayi yake auna tsayin rana. A 1017 Sarki Mahmud ya ci ƙasarsu da yaƙi, ya tafi da shi Gazna, a Afganistan. Rabuwa da gida ba ta raba shi da karatu ba. Ya koyi harshen Sanskirit, ya rubuta littafi kan Indiya, kuma a Nandana ya hau tsauni ya ƙiyasta girman duniya da awo.

A 1025 ya kammala Tahdidu Nihayatil Amakin, inda ya fitar da alƙiblar Gazna. Hanyarsa ita ce a san matsayin gari da na Makka a bayan ƙasa, a tuna cewa duniya dunƙulalliya ce, sannan a yi lissafi. Ya rasu a Gazna wajen 1050.

Ranar 8 ga Agusta 1986, masana taurari Eric Elst da Violeta Ivanova suka hango wani dutse daga gidan hangen taurari na Rozhen a Bulgeriya, cikin jerin duwatsun da ke zagaya rana tsakanin Mirrihu da Mushtari. Aka ba shi lamba 9936, aka raɗa masa sunan Al-Biruni.

Yau yaranmu suna duba alƙibla a waya, ba su san wa ya share hanyar ba. Mu gaya musu, kuma kada mu cire su daga darasin lissafi da sunan kare addini, domin sahun masallaci ma da awo ake daidaita shi. Allah Ya jiƙan Abu Raihan, Ya ba mu ilimi mai amfani. Amin.