Rene Caillie: Talakan da labarin zinaren Timbuktu ya raba da gida

A ranar 20 ga Afrilun 1828 da yamma, wani ramammen mutum sanye da tufafin Larabawa ya shiga Timbuktu daga tashar jiragen ruwa ta Kabara. Abokan tafiyarsa sun san shi da Abdullahi, Bamasare mai neman hanyar gida. Sunansa na yanka Rene Caillie, Bafaranshe ne ɗan shekara 28, wanda tarihi ke ɗauka a matsayin Bature na farko a zamaninsa da ya ga birnin, ya koma gida da rai, ya ba da labari.

An haife shi ranar 19 ga Nuwambar 1799 a ƙauyen Mauze da ke yammacin Faransa. Mahaifinsa mai gasa burodi ne da aka ɗaure bisa zargin sata, ya kuma mutu a tsare a 1808. Mahaifiyarsa ta bi shi a 1811. Maraya ya tashi a hannun dangi, aka kai shi koyon ɗinkin takalma, amma hankalinsa na kan littattafan tafiye-tafiye, musamman labarin Robinson Crusoe, da taswirorin Afirka waɗanda tsakiyarsu fili ne fetal babu rubutu. Yana da shekara 16 ya bar gida da faran 60 na kuɗin Faransa, ya shiga jirgin ruwa zuwa Senegal a 1816.

Hoton Timbuktu da ke kan Turawan lokacin ya girme su da ƙarni biyar. Ya samo asali ne daga aikin Hajjin Mansa Musa na Mali a 1324, da irin zinaren da ya kashe a Alƙahira. A 1375 aka zana sarkin riƙe da dunƙulen zinare a wata fitacciyar taswira da aka yi a tsibirin Mayorka. Daga baya littafin Hasan al-Wazzan, wanda Turawa ke kira Leo Africanus, ya fito a Italiya a 1550, ya bayyana dukiyar sarki da yawan malamai da darajar littattafai a kasuwar garin. Masu karatu suka riƙe zancen zinare, suka saki na littattafai. Ba su kuma lura da cewa sojojin Maroko sun rusa daular Songhai a 1591, arzikin garin ya ja baya ba. Birnin ya sauya, labarinsa a Turai bai motsa ba.

Darasin farko da Caillie ya koya ya zo ne a 1819, lokacin da ya bi ayarin da ke kai kayan agaji ga tawagar Manjo Gray na Birtaniya a ƙasar Bundu. Ya ga yadda tarin kaya da bindigogi suka zame wa tawagar kaya: kowane mai iko a hanya sai ya karɓi rabonsa, har tafiyar ta watse. Daga nan ya yanke cewa mai dukiya ba zai kai Timbuktu ba, sai wanda babu abin da za a ƙwace masa.

Akwai wani hoto na biyu a kansa, wanda ya fi na zinare tasiri a kan halayensa, wato imanin cewa Musulmin cikin ƙasa ba za su bar Kirista ya wuce da rai ba. Saboda haka a 1824 ya je ya zauna kimanin wata takwas tare da makiyayan Brakna, a Muritaniya ta yau, yana koyon Larabci da alwala da salla a matsayin mai son shiga Musulunci. A daidai wannan lokaci Ƙungiyar Nazarin Ƙasa ta Paris ta sa kyautar kimanin faran 10,000 ga wanda ya kawo bayanin Timbuktu. Ya nemi tallafin hukumomin Faransa a Senegal da na Birtaniya a Saliyo, duk suka juya masa baya. Sai ya kama aiki a wata masana'antar shuni a Saliyo, ya tara wajen faran 2,000, ya sayi takarda da taba da albarushi da duwatsun ado na musaya, da laima guda.

Ranar 19 ga Afrilun 1827 ya tashi daga Kakondi, kusa da Boke a Gini ta yau, cikin ayarin fataken Mandinka. Labarin da ya ƙirƙira shi ne, sojojin Napoleon ne suka ɗauke shi yana yaro daga Masar, yanzu ya sami 'yanci yana son komawa ga danginsa da addininsa. Ya ratsa tsaunukan Futa Jalon da ƙafa, ya haye Kogin Neja a Kurusa, ya yada zango a Kankan. Bayanan tafiyarsa da fensir yake rubuta su a ɓoye, yana cusa su tsakanin warƙoƙin Alƙur'ani, don duk wanda ya hango shi ya zaci karatu yake yi.

A ƙauyen Tieme, arewacin Kodebuwa ta yau, ciwo ya kwantar da shi wata biyar. Gyambo ya ci ƙafarsa, sannan cutar nan ta rashin cin ɗanyen ganye da 'ya'yan itace ta kumbura masa dasashi har ƙashin bakinsa ya riƙa ɓantarewa. Wata tsohuwa ce, mahaifiyar mai masaukinsa, ta yi jinyarsa. A nan ne labarin Caillie ke da ɗaci. Mutanen da ya shigo yana tsoro su ne suka ciyar da shi, domin a ganinsu baƙo ne Musulmi matalauci da ke da haƙƙi a kansu. Ba a ce tsoron nasa babu tushe ba: Manjo Gordon Laing, wanda ya taso daga Tarabulus a fili a matsayin hafsan Birtaniya, ya isa Timbuktu a Agustan 1826, aka kashe shi jim kaɗan bayan fitarsa a Satumba. Duk da haka, alherin da Caillie ya ci na tsawon shekara guda da ƙarya ya same shi, kuma littafinsa ya fi yawaita ƙorafi a kan masu masauki fiye da godiya.

Ya isa Jenne a Maris 1828, ya tarar da kasuwa cike da hada-hada, a ƙarƙashin daular Masina ta Shehu Ahmadu. Ya sayar da ragowar hajarsa, ya ba wani sharifi laimarsa, aka sama masa wuri a jirgin kaya mai ɗauke da bayi. Da suka kusanci yankin Abzinawa masu karɓar kuɗin fito, sai aka riƙa ɓoye shi a ƙarƙashin rumfar jirgi, domin ganin farin fasinja na ƙara yawan abin da za su nema.

Gani ya kori ji. Timbuktu da ya tarar gari ne na gidajen ƙasa a tsakiyar rairayi, shiru, ba ya ko kai Jenne ciniki. Ya ƙiyasta mazaunansa tsakanin 10,000 zuwa 12,000. Ya zagaya masallatai, ya zana fasalin garin, ya yaba da karamcin mai masaukinsa Sidi Abdullahi Shabir. Amma wanda ya zo neman fadar zinare da wuya ya tsaya tambayar abin da ke cikin akwatunan malamai. Dukiyar rubuce-rubucen da ake alfahari da Timbuktu a kanta a yau ba ta sami wani wuri na kirki a bayaninsa ba. Mako biyu kacal ya yi.

Ranar 4 ga Mayu ya bi ayarin raƙuma zuwa arewa ta Arawan. Ƙishirwa da wulaƙancin abokan tafiya suka kusa hallaka shi kafin ya kai Tafilalt, sannan Fas a watan Agusta. A Satumba ya isa Tanja cikin tsumma, inda mataimakin jakadan Faransa ya ɓoye shi, ya sa shi a jirgi.

A Paris an ba shi kyautar da lambar girma ta ƙasa da fansho, littafinsa mai juzu'i uku ya fito a 1830. Sai dai wasu, musamman a Ingila, sun ƙi yarda cewa ya je. Haushin rasa Laing na ciki, haka kuma garin da ya kwatanta bai yi kama da wanda suka saba ji ba. Ya koma karkara ya yi noma, ya yi aure ya haifi 'ya'ya huɗu, har ya riƙe muƙamin magajin wani ƙaramin gari, amma jikinsa bai sake komawa daidai ba. Ya mutu ranar 17 ga Mayun 1838 yana da shekara 38.

Shekara 15 bayan mutuwarsa, Bajamushe Heinrich Barth, wanda Kano da Sakkwato suka sani da Abdulkarim, ya isa Timbuktu a Satumbar 1853, ya zauna watanni, ya tabbatar da cewa bayanin Caillie na wanda ya gani da ido ne. Gidan da ya sauka yana nan a tsohon garin, da allon tunawa a jikin bangonsa, ba nisa da wanda Laing ya zauna.