Ladi Kwali Maginiyar Tukwane

In an aike ka kasuwar Ƙanƙara, ko ta Faskari, ko ta Sabuwa, aka ba ka takardar naira 20, to, ka juya bayanta ka duba. Za ka ga wata mace ta duƙufa tana ginin tulu. Sunanta Ladi Kwali.

An haifi Ladi wajen shekarar 1925 a garin Kwali, cikin ƙasar Gwari. Ba ta shiga makarantar boko ba. Tun tana ƙanƙanuwa wata daga cikin iyayenta mata ta koya mata ginin tukwane. Sai ta kwaɓa yumɓu, ta murza shi kamar igiya, ta riƙa ɗorawa tana kewaya tulun da ƙafa har ya tashi. Kafin ya bushe sai ta zana masa ƙadangare, ko kunama, ko kada, ko hawainiya. Da wuya ka ga tulunta ya karkace.

Saboda kyan aikinta Sarkin Abuja, Alhaji Sulaimanu Barau, ya tara tulunanta a gidansa. Abujar nan kuwa ita ce garin da yanzu ake kira Suleja. A can ne wani Bature magini, mai suna Michael Cardew, ya gan su a 1950, ya yi ta mamaki. Ba da daɗewa ba ya buɗe makarantar ginin tukwane a garin, ɗalibansa duk maza. A 1954 Ladi ta shiga, ita ce mace ta fari.

Nan ta koyi gini bisa faifai mai juyawa, da shafa ruwan ƙyalli, da gashi cikin tanderu mai tsananin zafi. Ta iya ƙwarai, tana yin kwanoni da butoci. Amma manyan tuluna kam, ba ta yarda ta bar hanyar gida ba, da hannu take gina su yadda aka koya mata, sa'an nan a gasa su a tanderun. Sai suka fito da ƙarfi da sheƙi kamar tangaran. Abu guda ne ya ɓaci: sun yi nauyi, ba su kuma sanyaya ruwa kamar randar ɗakin innarka. Suka tashi daga kayan ɗiban ruwa, suka zama kayan ado masu tsada.

Tulunan nan su suka fid da sunanta duniya. Aka nuna su a Landan a 1958. A 1962 ita kanta ta tafi Ingila, Turawa suka taru suna kallo tana gini, a 1972 kuma ta je Amurka. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba ta digirin girmamawa na dakta a 1977.

Ladi ta rasu a Minna ran 12 ga Agusta, 1984. Makarantar nan ta Suleja da ta shiga ita kaɗai mace, an sa mata sunanta.